Zerojel: busasshen jel da ke aiki da ramukan cikinsa

Ɗan kasuwar da ke saro takalma da jakunkuna da wayoyi a kasuwannin Balad na Jidda domin aikawa Kano ko Yamai ya san wata ƙaramar jakar takarda da ake cusawa cikin kowane kwali, mai ɗauke da ƙwayoyi masu kama da gilashi, an rubuta a jikinta cewa kada a ci. Alhazai ma sukan tarar da ita cikin tsarabarsu, su yar ba tare da sun tambayi amfaninta ba. Waɗannan ƙwayoyi su ne silika jel, kuma su ne suka fi shahara a cikin wani babban dangi na kayayyaki da masana kimiyyar haɗa sinadarai ke kira zerojel, wato jel ɗin da aka bar ruwan jikinsa ya ƙafe a iska ko a zafi mai sauƙi har ya tsuke, ya zama abu mai tauri cike da ramuka waɗanda ido ba ya gani. Darajar zerojel duk tana cikin waɗannan ramuka, yawansu da faɗinsu kuma sun dogara ne kan yadda aka tafiyar da bushewar.

Jel a asalinsa raga ce ta ƙananan ƙwayoyi da suka sarƙe da juna cikin ruwa, har ruwan ya kasa gudu duk da cewa shi ne mafi yawa a cikin abin. Masana'antu sukan fara ne da yashi, su narka shi tare da sinadarin soda a zafin da ya kai wajen digiri 1,400 a ma'aunin Salshiyos, su sami sodiyam siliket da ke narkewa a ruwa. Idan aka zuba masa asid, sai ƙwayoyin silika su fara fitowa suna mannewa da juna har ruwan ya daskare, a wanke gishirin da ya rage, sannan a busar. A ɗakin gwaje-gwaje, inda ake son tsabta sosai, an fi amfani da wani ruwan sinadari mai suna TEOS, wanda ake haɗawa da ruwa da etanol. Tushen wannan hanya ya daɗe: a 1846 Bafaranshe Jacques Ebelmen ya lura cewa mahaɗin silikon da ya samar yana daskarewa idan ya sha laimar iska, a 1864 kuma Thomas Graham na Birtaniya ya nuna cewa ana iya musanya ruwan da ke cikin jel na silika da wani ruwan daban ba tare da ragar ta rushe ba.

Wahalar aikin tana wajen bushewa. Idan ruwa ya fara ƙafewa daga saman jel, ragowar da ke cikin kowane siririn rami yakan lanƙwashe fuskarsa ya riƙa jan bangon ramin zuwa ciki, kuma ƙarfin wannan ja yana ƙaruwa ne gwargwadon ƙanƙantar ramin. Ramukan da ake magana a kai ana auna su ne da nanomita, wato milimita ɗaya da aka raba gida miliyan. Lissafi ya nuna cewa a ramin da faɗinsa ya kai nanomita 10, ruwa zalla na iya matse bangon da ƙarfin da ya kusa ninki 290 na nauyin iskar da ke kanmu. Domin a gane girman wannan adadi, tashoshin da ke tura ruwan teku ta cikin matata don raba shi da gishiri suna aiki ne da matsi ninki 55 zuwa 80, kuma sai da manyan famfuna da bututun ƙarfe masu kauri. Ragar jel mai taushi ba ta da yadda za ta yi da irin wannan ƙarfi, don haka sai ta tsuke, girmanta ya ragu sau biyar har zuwa goma. Yayin da bangayen ke matsowa kusa da juna, sassan da ke ɗauke da oksijin da haidurojin a fuskarsu sukan haɗu su ƙulla sabon ɗauri na dindindin, shi ya sa ko an mayar da silika jel cikin ruwa ba ya sake kumbura. A nan ya bambanta da busasshen jelatin, wanda shi ma zerojel ne, amma yana komawa yadda yake da zarar ya jiƙa.

Akwai kuma matsalar tsagewa. Ramukan ba girmansu ɗaya ba, manyan sukan riga ƙananan bushewa, saman jel kuma yakan riga cikinsa, saboda haka wani sashe yana tsukewa alhali maƙwabcinsa bai motsa ba. Abin da ke faruwa da lakar fadama ke nan idan rani ya shigo, sai ka ga ta dare gida-gida. Wannan ne dalilin da ya sa silika jel na kasuwa yake zuwa a ƙwayoyi ko gari, domin samar da dunƙule guda mai girman tafin hannu wanda bai tsage ba yana buƙatar a busar da shi sannu a hankali na tsawon kwanaki ko makonni, a rufe, a bar masa 'yar kafar da tururi zai riƙa fita.

A 1931 wani masani Ba'amurke, Samuel Kistler, ya kauce wa matsalar gaba ɗaya. Ya lura cewa idan aka ɗaga zafi da matsi har suka wuce wani mataki, bambanci tsakanin ruwa da tururinsa yakan ɓace, babu sauran fuskar ruwa da za ta ja bangon rami, sai a saki abin da ke ciki ya fita ragar tana tsaye yadda take. Abin da ya samu shi ne ayarojel, wanda fiye da kashi 90 cikin ɗari na jikinsa iska ce, kuma yana hana zafi wucewa fiye da iskar da ke tsaye ita kanta. Yau an fi yin wannan aiki da iskar kabon dayoksaid, wadda ke kai wa wancan mataki a digiri 31 da matsi kusan ninki 73. Ayarojel ya yi suna ƙwarai, musamman bayan kumbon Stardust na hukumar NASA, wanda aka harba a 1999, ya yi amfani da shi wajen kamo ƙurar tauraro mai wutsiya ya dawo da ita duniya a 2006. Sai dai yin sa yana buƙatar tukunyar ƙarfe mai jure matsi, ana yin sa kashi-kashi, yana da tsada, kuma yana murƙushewa da ɗan matsawar yatsa. Akwai hanya ta uku, ta daskarar da jel a sanyi a zuƙe ƙanƙarar, amma ƙanƙarar kan yaga ragar ta bar manyan ramuka. A ganina rubuce-rubucen da ake yi wa jama'a sun cika zuzuta ayarojel suna ɗaukar zerojel kamar abin da aka samu bayan aiki ya lalace, alhali idan aka duba abin da ke cikin masana'antu da ɗakunan gwaje-gwaje da kwalayen magani, zerojel ne ke ɗauke da kusan dukkan nauyin.

Tsukewar da ake gani kamar asara ita ce ke ba shi ƙarfi. Zerojel na silika yawanci ramuka ne ke cin kashi 15 zuwa 50 cikin ɗari na jikinsa, faɗinsu daga nanomita 1 zuwa 10, kuma idan aka shimfiɗe bangayen ramukan da ke cikin giram ɗaya za su rufe murabba'in mita 150 har zuwa 900. Nau'in da ake sa wa kaya yana kai wa wajen 800, wato giram 13 kacal na ɗauke da fili fiye da hekta guda. Ana gano wannan ne ta hanyar sanyaya samfurin zuwa digiri 196 ƙasa da sifili, a bar iskar naitrojin ta kwanta a bangayen, a auna yawan da ya kwanta, bisa lissafin da Brunauer da Emmett da Teller suka fitar a 1938. Bayan haka yana jure zafi, ba ya cin wuta, ba ya narkewa a yawancin sinadarai, ana iya yin sa garau kamar gilashi, kuma idan aka gasa shi a wajen digiri 1,000 ramukan sukan rufe ya zama gilashin silika na gaske, alhali narka silika kai tsaye yana buƙatar zafin da ya haura digiri 1,700.

Gwanintar mai haɗawa tana bayyana ne wajen zaɓen faɗin ramin. Idan aka haɗa jel ɗin cikin asid, silika kan yi dogayen sarƙoƙi sirara masu sauƙin lanƙwashewa, su tsuke sosai su bar ramuka ƙanana ƙwarai. Idan aka haɗa shi cikin ruwa mai kaifin alkali irin na amoniya, sai ya yi dunƙule-dunƙule masu tauri da ke barin sarari mai faɗi tsakaninsu. Barin jel ya kwana cikin ruwansa kafin a busar yana ƙarfafa mahaɗan ragar. Musanya ruwan da wani mai raunin ja, kamar heksen wanda jansa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa ba, yana rage matsin tun daga tushe. A shekarun 1990 kuma masu bincike a jihar New Mexico ta Amurka suka nuna cewa idan aka lulluɓe bangayen da sinadarin da ke hana su mannewa, jel ɗin zai tsuke lokacin bushewa, sannan ya sake buɗewa idan ruwan ya gama fita. Abin da ake samu ta wannan hanya ya yi kusa da ayarojel har masana suna saɓani kan sunan da ya dace da shi.

Aikin da aka fi sanin zerojel da shi, wato shan laima, ya samo asali ne daga Walter Patrick na Jami'ar Johns Hopkins, wanda ya fito da hanyar samar da silika jel mai yawa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kuma yi amfani da shi a Yaƙi na Biyu wajen kare maganin penisilin da kayan soja daga danshi. Ƙwayoyin ruwa da ke yawo a iska sukan manne wa bangayen, su taru har ramin ya cika, amma abin ba ya jiƙa a hannu kuma ba ya canza siffa. Yana iya shan ruwan da ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa, sai dai wannan adadi yana samuwa ne a iska mai laima sosai, irin ta Jidda da Yanbu da Jizan a watannin zafi, lokacin da mutum zai fito daga ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, tabaransa ya rufe da hazo nan take. A busasshiyar iskar Riyad ko Madina abin da zai sha kaɗan ne, kuma inda ake son a kawar da ɗigon laima na ƙarshe, kamar a iskar gas da za a mayar ruwa, ziyolait, wani ma'adini mai ramukan da suka fi nasa ƙanƙanta, ya fi shi aiki. Wannan hali na sha idan laima ta yi yawa da saki idan ta ragu shi ne ya sa masu adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu ke sa shi cikin akwatunan gilashi, domin ya daidaita iskar kada takarda da fata su riƙa kumbura suna motsewa.

Daga nan mai kaya zai gane abubuwa biyu da ake yawan kuskurewa. Jakar da aka bari a buɗe cikin shago a bakin teku takan ƙoshi cikin ɗan lokaci, bayan haka ba ta da wani amfani, saboda haka aikinta sai cikin leda ko akwati da aka rufe ruf. Kuma wadda ta ƙoshi ba ta mutu ba, idan aka juye ƙwayoyin a faranti aka gasa su a digiri 120 na awa ɗaya ko biyu, ruwan zai fita su koma sababbi. Silikar kanta ba guba ba ce, gargaɗin da ke jikin jakar ya fi shafar haɗarin shaƙe yaro ƙarami. Amma nau'in shuɗi da ke komawa ruwan hoda idan ya sha laima yana ɗauke da gishirin kobalt, wanda Tarayyar Turai ta sa a jerin abubuwan da ake zargi da jawo sankara, don haka bai kamata ya kusanci dabino ko wani abinci ba. Nau'in ruwan lemo ne aka fito da shi a madadinsa.

Wannan sha da saki na ruwa yana da wani amfani da ya fi dacewa da ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa. Idan aka sa ruwa a tukunyar da aka zuƙe iskar cikinta, aka haɗa ta da wata mai cike da busasshen silika jel, jel ɗin zai riƙa jan tururi, ruwan ya riƙa ƙafewa ko da babu wuta, kuma ƙafewar tana sanyaya abin da ya rage. Idan jel ya ƙoshi sai a zagaya masa ruwan zafi mai digiri 60 zuwa 90, wanda ake iya samu daga hasken rana ko daga zafin da injinan masana'anta ke zubarwa a banza, ya saki tururin, a tara shi a wani wuri. Da tukwane biyu da ke karɓa-karɓa ana samun sanyi ba yankewa. Idan kuma ruwan da aka sa tun farko na teku ne, tururin da aka tara ruwa ne mai daɗi, gishirin ya tsaya a baya. Farfesa Kim Choon Ng da abokan aikinsa sun yi shekaru suna bunƙasa wannan hanya, da farko a Singafo, daga baya a Jami'ar Sarki Abdullahi ta Kimiyya da Fasaha da ke Suwal, arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009. Gaskiyar magana ita ce na'urar tana da girma da nauyi, sanyin da take bayarwa bai fi rabin zafin da take ci da kaɗan ba, kuma ba ta kusa maye gurbin manyan tashoshi irin na Shu'aiba da ke shayar da Makka da Jidda da Ɗa'ifa ba. Ribarta tana fitowa ne kawai inda zafin kyauta ne.

A matatun mai da masana'antun roba irin na Jubail da Yanbu da Ras Tanura, zerojel yana aiki ne a matsayin shimfiɗa. Ƙarafan da ke hanzarta haɗuwar sinadarai suna da tsada, kuma fuskarsu kaɗai ke aiki, don haka ake baza su a bangayen ramuka domin kaɗan ya yi aikin mai yawa. Alumina mai ramuka, wato mahaɗin alminiyam da oksijin, wadda ake samu ta busar da jel a gasa, ita ke ɗaukar molibdinam da kobalt ko nikel da ke cire farar wuta daga man dizal. Silika mai ɗauke da kuromiyam, wadda Paul Hogan da Robert Banks na kamfanin Phillips suka gano aikinta a 1951, har yau tana samar da babban kaso na robar polietilin mai tauri da ake yin jarkoki da bututun ruwa da ita. Abin sha'awa a nan shi ne ana son ƙwayar silikar ta kasance mai rauni daidai gwargwado, domin robar da ke tsirowa cikin ramukan ta fasa ta gutsi-gutsi, sababbin bangaye su buɗe. Wadda ta tsuke da yawa ta yi tauri ba ta fashewa, sai ramukanta su toshe aikin ya tsaya. A ɗakin gwaje-gwaje kuwa, duk ɗalibin da ya taɓa rarrabe sinadaran ganyen magani ya san garin silika da ake cika dogon bututun gilashi da shi, kowane sinadari ya sauko da nasa saurin gwargwadon yadda yake manne wa bangayen.

Matsalar tsagewa tana raguwa ƙwarai idan jel ɗin siririn shafi ne da bai kai kaurin maikuromita ɗaya, wato nanomita dubu, ba, shi ya sa shafe-shafen gilashi suka riga sauran fannonin shiga kasuwa, tun daga aikin kamfanin Schott na Jamus a 1939. Gilashi yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya faɗo a kowace fuskarsa, amma idan aka shafa masa silika mai ramuka da kaurin da bai wuce nanomita 100 da ɗoriya ba, yawancin wannan haske zai shige. A tashar sola mai megawat 300 irin ta Sakaka, ko ta Sudair mai megawat 1,500, ƙarin kashi biyu ko uku ba ƙaramin kuɗi ba ne. Cikas ɗin shi ne ramukan da ke shigar da haske su ne kuma ke rage wa shafin ƙarfi, ga ƙurar hamada da burushin da ke share ta kullum suna goge shi, ga laima tana cika ramukan a wuraren bakin teku.

Tun da ana haɗa jel a zafin ɗaki, ana iya kulle abubuwa masu rauni a cikinsa waɗanda wutar narka gilashi za ta ƙone. A 1990 David Avnir da abokan aikinsa suka nuna cewa inzayim, wato sinadarin jikin halitta da ke hanzarta haɗuwar sinadarai, da aka kulle cikin zerojel na silika yana ci gaba da aikinsa, domin ya fi ramin girma ba zai iya fita ba, amma ƙananan sinadarai suna shiga su same shi. A kan wannan aka gina na'urorin gano sukari da oksijin da tsamin ruwa, inda launi ko hasken shafin ke canzawa. Haka kuma silikar da aka yi ta wannan hanya tana narkewa a hankali cikin jiki ta fita ta fitsari, saboda haka ake gwada ta wajen sakin magani kaɗan-kaɗan na tsawon makonni, musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciwon ƙashi. Yawancin wannan aiki yana matakin gwaji ne, kuma mai karatu ya yi hattara da labaran da ke gabatar da sakamakon kwalbar gwaji kamar magani ne da ya iso kantin magani.

Ba silika kaɗai ake yi ba. Zerojel na banadiyam oksaid, wanda Jacques Livage ya yi nazarinsa sosai a Faransa, yana zuwa ne shafi-shafi da ruwa a tsakani, kuma ana gwada shi a batira domin litiyam na iya shiga tsakanin shafukan ya fita. Wanda ya fi jan hankali shi ne na kabon. A 1989 Richard Pekala na ɗakin binciken Lawrence Livermore ya haɗa jel daga sinadaran risosinol da fomaldihaid, wanda idan aka gasa shi a digiri 800 zuwa 1,000 cikin iskar da babu oksijin yake zama baƙin kabon mai ramuka da ke ɗaukar lantarki. Daga baya masu bincike a Jami'ar Liyej ta Beljiyam suka nuna cewa ba sai an yi amfani da tukunyar matsi ba, idan aka daidaita tsamin ruwan haɗin, bushewar iska kawai tana ba da ramuka masu faɗin da ake so. Ana amfani da irin wannan kabon a ma'ajiyar lantarki mai saurin caji, da kuma wata hanyar tace ruwa inda ake ratsa shi tsakanin faranti biyu masu ɗauke da lantarkin da bai wuce bolt ɗaya da ɗan kai ba, sai sodiyam ya nufi ɗaya, kulorayid ya nufi ɗayan, su maƙale a ramukan har sai an kashe wutar an wanke su. Wutar da hanyar ke ci tana tafiya ne da yawan gishirin da za a cire, don haka ba ta dace da Bahar Maliya ba, inda lita guda ke ɗauke da wajen giram 40. Ta fi dacewa da rijiyoyin cikin ƙasa masu ruwan zartsi, waɗanda gishirinsu bai wuce giram biyu ko uku a lita ba, kuma ko a can sai an magance yadda farantin da kulorayid ke nufa yake ciwuwa a hankali idan akwai oksijin narke a cikin ruwan.